Lakar Gadarif a Cikin Tanderu

Aikin dare aka fara sa ni. Na shiga rumfar narka ƙarfe bayan sallar isha'i, hular kwano a kai, baƙin gilashi a hannu, daidai lokacin da mai ƙugiya ya zazzage kwandon farko na tsohon ƙarfe a cikin tanderu. Aka mayar da murfi. Sanduna uku baƙaƙe, kowacce ta fi cinyar ƙato kauri, suka sulala ƙasa ta ramukan murfin, sai ƙara ta tashi. Ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, har a haƙarƙari ake jin ta, ƙasa na rawa, manyan igiyoyin lantarkin da ke rataye suna lilo suna ture juna ba mai taɓa su. Na ja da baya. Ustanmu, wato ogan aikinmu, wani dattijo da ya yi shekaru yana wannan aiki a Masar kafin ya dawo gida, ya riƙo hannun rigata, ya kai bakinsa kunnena ya ce, "Yaro, ƙarar nan ba ta cin mutum. In aikin kake son koyo, ga abin dubawa can." Ya nuna mini alluna biyu a ɗakin gilashi, ɗaya agogo, ɗaya mitar wuta.

Ni ɗan maƙera ne daga Mafaza, a bakin kogin Rahad, cikin jihar Gadarif. Hanyar Makka ce ta kawo kakanninmu daga ƙasar Hausa, cikin jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Wasu suka zauna a Mai Wurno kusa da Sinnar, wasu suka bazu a bakin koguna suna noma da su. Kakana ya iso da masabarsa da awartakinsa, Baba ya gaje su. A can gida, in ji tsofaffi, tama ake haƙowa a narka. A nan kuwa gona ce ke ba maƙeri ƙarfe. Tun shekarun 1940 da aka fara noman inji a wajen Gadambaliya, ƙasar Gadarif ta cika da taraktoci masu jan diski a gonakin dawa da riɗi, kuma duk faifan diskin da ya cinye, duk sifirin ɗin motar da ya karye, maƙera yake ƙarewa ya zama fartanya ko lauje ko gatari.

Da nake yaro, ƙarfe bai taɓa damun Baba ba. Gawayi ne damuwarsa, don gonakin nan da ke ba shi ƙarfe su ne suka share dazuzzukan bagaruwa da dushe, buhu ya riƙa tsada shekara bayan shekara. Saboda haka murhunsa ɗan ƙarami ne, ya kewaye shi da katangar laka. Yakan binne ƙarfen a tsakiyar gawayi, ya yayyafa ruwa a bayan tulin don kada wutar ta bazu, ya jera waɗanda za su shiga nan gaba a gefen murhu su riƙa shan ɗumi. Ba ya zaro ƙarfe sai masaba da kurfi suna inda hannunsa zai kai. In kuwa ya juyo ya tarar ina zuga ba komai a wuta, sai ya ce, "Kai, kuɗin cefanen Innarku kake hurawa." Da wannan tarbiyya na je gaban tanderun lantarki, kuma ita ta fi taimakona fiye da takardar da na fito da ita daga makarantar koyon sana'a a Gadarif.

Lokacin Hartum tana tashe. Sudan ta fara fitar da man fetur a 1999, gine-gine suka tashi ko'ina, kowa na neman rodi. Aka buɗe birnin masana'antu na Giyad a 2000, kimanin kilomita 50 kudu da Hartum, 'yan kasuwa kuma suka biyo baya da nasu masana'antun ƙarfe a kewayen babban birnin. A ɗaya daga cikinsu na sami aiki.

Irin wannan tanderu wani Bafaranshe, Paul Héroult, ya fara narka ƙarfen sayarwa da shi a 1900, kuma tushen aikin bai sauya ba. Ƙatuwar tukunya ce da aka shimfiɗe cikinta da tubali mai jure wuta. Sandunan nan uku na girafait ne, wani irin baƙin gawayi mai ɗaukar lantarki. In suka kusanci ƙarfe, wutar sai ta tsallaka ta iska, walƙiya ta tsaya cak tsakanin bakin sanda da ƙarfen, zafinta ya haura digiri 3,000. Ƙarfe kuwa wajen digiri 1,500 yake narkewa, a juye shi in ya kai 1,600 da ɗan ɗori. Ashe samar da zafi ba shi ne wahalar ba, zafin ma ya yi yawa. Wahalar ita ce a sa shi ya shiga ƙarfen maimakon ya tafi wani wuri.

Injiniyanmu ya taɓa rubuta mana lissafin a bayan takardar aiki. Tan ɗaya na tsohon ƙarfe, in ba a yi asarar komai ba, kilowat-awa 300 ne ko kusa da haka zai narkar da shi, wato yunit 300 irin wanda muke saye a mitar gida. Kafin ya kai zafin juyewa, a ce kusan 400. Amma in aka tara duk abin da ake zubawa a tanderu na yau da kullum, lantarki da man da ake ƙonawa da zafin da oksijin ke fitarwa in ya haɗu da gawayi da dattin ƙarfe, sai a ga 600 zuwa 700. Ragowar ina ta tafi? Mafi yawa ta bi hayaƙi ta bututun murfi. Wani kaso ya bi ruwan da ke zagayawa cikin bango da murfi don kada su narke. Wani kuma ya tafi da kashin ƙarfe, wannan dattin da ke tasowa sama, wanda ake zubarwa yana ja wur. Duk shekarun da na yi a rumfar nan, faɗa da waɗannan hanyoyi uku nake yi, da ta huɗu wadda ta fi su cin rai, wato jira.

Mintunan farko bayan an rufe murfi, ba a sakin wuta duka. Walƙiyar tana saman tulin, dab da murfi, in aka tsawaita ta murfin za ta ci. Ana barin sandunan su huda rami, su nutse, sannan a ƙara ƙarfi. Wannan shi ne lokacin da tanderu ya fi kowane lokaci amfani, don walƙiyar tana cikin rijiyar da ta haƙa, duk inda haskenta ya buga ƙarfe ne. Amma da tulin ya zube ya zama ruwa, sai ta tsaya tsirara a fili. A allonmu muna ganin zafin ruwan bango yana hawa, wurare uku da ke fuskantar sandunan su fi sauran, alhali a tsakankaninsu akwai lungunan da ƙarfe ke manne bai narke ba. Kuɗin wuta na tafiya, ruwan famfo muke dafawa.

Maganin wannan shi ne kumfa, kuma a nan na ga gwanintar usta. Ana soka doguwar bututu ta ƙofar gaba ana hura oksijin cikin ruwan ƙarfe, ta wata kuma ana feso garin gawayi. Su biyun in sun haɗu sai iska ta riƙa tasowa ƙwaya-ƙwaya ta cikin kashin ƙarfen, ya kumbura, ya hau, har ya rufe walƙiyar ruf. Daga nan zafinta ba shi da mafita sai ƙasa. Usta ba ya duba allo a wannan gaɓa. Yakan tsaya gefen ƙofa, ya karkatar da kai, yana saurare. Muddin ana jin fasa-fasa da tsawa, walƙiyar a buɗe take. In kumfar ta kama, ƙarar sai ta faɗi ta koma gurnani mai taushi, igiyoyin su daina lilo, har mutum ya iya jin maganar na kusa da shi. Sai ya ɗaga yatsa, mai allo ya ƙara tsawon walƙiya. In kashin ya yi ruwa tsululu kumfa ba ta tsayawa, in ya yi kauri ba ta tashi. Yakan tsoma sandar ƙarfe ya zaro, ya duba yadda abin ya manne da launinsa bayan ya huce, ya ce a ƙara farar ƙasa ko a rage oksijin. Daga baya ɗakin gwaji ya kawo sakamako, da wuya ya saɓa wa abin da ya faɗa. Na daɗe ina tsaye bayansa kafin kunnena ya fara rarrabewa, kuma ranar da na fara ɗaga yatsa kafin shi, bai ce komai ba, shayinsa kawai ya miƙo mini.

Ita ma ƙofar gaban nan ɓarauniya ce. Injin da ke zuƙe hayaƙi yana jawo iskar waje ta cikinta, iskar da muke shaƙa kuwa kusan kashi huɗu cikin biyar naitirojin ce, ba ta ƙonewa, ba ta ƙara komai. Shiga take yi da sanyinta, ta kwashi zafi, ta fice. Haka kuma iskar da ke tayar da kumfa, kabon monoksaid, rabin ƙonewa ta yi. In ta ƙarasa ƙonewa, zafin da za ta bayar ya ninka na farko sau biyu da rabi. In a cikin tanderu ta ƙone, an ci riba. In sai ta shiga bututu, to bututun aka gasa.

Sai buɗe murfi. Abu mai zafi yana watsa zafinsa ta haske, kuma ba daidai da hawan zafin yake ƙaruwa ba: in zafi ya ninka biyu, abin da ke fita ya ninka sha shida. Don haka duk sanda aka juya murfi gefe don a zuba wani kwando, rufin rumfar gaba ɗaya sai ya yi ja, mu da ke nesa mu kare fuska. A lissafin masana, kowace buɗewa tana cin kilowat-awa 10 zuwa 20 a kan kowane tan. Ƙarfe mai nauyi kwando biyu ya isa. Amma in kwanon rufi ne da gangar mai da gwangwani da jikin mota, abu ne mai cika wuri ba nauyi, sai an yi uku, wani lokaci huɗu. Shi ya sa nake cewa mutumin da ya fi injiniya iko da mitar wuta shi ne mai shirya kwando a filin kurda, wato tsohon ƙarfe. Marasa nauyi a ƙasa don su tare faɗuwa, manya a bisansu, marasa nauyi kuma a sama don sanduna su huda da sauri. In ya ɗora guntun gatarin tirela a sama, yana iya zamowa ya karya sanda, a tsaya. Mutumin nan a rana yake yini, albashinsa kuma shi ne na ƙasa a duk rumfar. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wata rana da rani, ina ratsa filin kurda, aka juye wata babbar mota. Tun daga nesa na gane kayan. Fayafayan diski ne da suka cinye har suka zama kamar faranti, da ƙafafun tarakta, da bututan ban ruwa irin na gonakin Rahad. Na tambayi direba daga ina, ya ce daga Hawata da Mafaza ya yi lodi. Daɗi ya kama ni kamar na ga ɗan'uwa. Na ɗaga wata bututu, na ji ta yi nauyin da bai dace da ita ba. Na buga ta da ƙasa, sai ga baƙar laka busasshiya ta zubo, dunƙule-dunƙule.

Duk wanda ya yi damina a wajenmu ya san lakar nan. Da rani takan dare har ƙafar akuya ta faɗa tsagar, ruwa na sauka kuma ta kumbura ta riƙe duk abin da ya taɓa ta, takalmi ko tayar mota. In ta bushe a jikin ƙarfe sai da guduma. Ita ce arzikinmu, ita ke ba da dawar da ke ciyar da Sudan. A cikin tanderu kuwa masifa ce. Ba ta zama ƙarfe, amma dole a narka ta, kuma kilo ɗaya na kashin ƙarfe ya fi kilo ɗaya na ƙarfe shan zafi. Ba a nan ta tsaya ba. Yashin da ke cikinta yana cin tubalin bango, don haka sai an zuba ƙonanniyar farar ƙasa mai yawa ta kashe kaifinsa, ita ma farar ƙasar a narka ta. Ga kuɗin da aka biya a kan sikeli da sunan ƙarfe, ga man da mota ta ƙona ta ɗauko ƙasa daga bakin Rahad zuwa Hartum. Sau huɗu ke nan ana biyan kuɗin laka ɗaya. A daren da muka narka lodin nan, tukunyar kashi ta cika ta tumbatsa, kumfa ta ƙi tsayuwa, usta yana ta neman ƙarin farar ƙasa, mita kuma ta wuce inda ta saba tsayawa. Ban gaya wa kowa cewa ƙasar garinmu ce ba.

Da damina abin ya fi muni, don lakar tana riƙe ruwa. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura sau 1,700, in kuwa ya sami kansa a ƙarƙashin narkakken ƙarfe, ba ya neman hanya, fasawa yake yi. Mun saba barin ragowar ruwan ƙarfe a gindin tanderu bayan an juye, don ya taimaka wa zubi na gaba ya kama da wuri, dabara ce mai kyau ƙwarai. Amma wani dare cikin watan Agusta aka saki jiƙaƙƙen kwando a kan wannan ragowa. Na ga wuta ta yi tsalle ta kai rufi, gilashin ɗakin mai ƙugiya ya tsage, tartsatsi ya zubo ko'ina. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, wani abokin aikinmu dai ya ƙone a wuya da kafaɗa, ya yi makonni a kwance. Daga ranar usta ya kafa doka: kwandon damina sai an rataye shi kusa da tanderu ya tsane, kuma duk abin da yake a rufe, tukunyar gas ko bututu mai toshe baki biyu, sai an yanka shi.

Da na je gida hutun salla, na zauna kusa da mai sayen kurda a kasuwa na ga ɗaya bakin zaren. Sikeli ɗaya ne, farashi ɗaya. Yara na kawo kaya a amalanken jaki, ana ɗorawa, ana biya. Wanda ya kankare nasa ya rage wa kansa kuɗi, wanda ya bar laka a ciki ya ƙaru. Wa zai ga laifin yaron da ya zaɓi na biyu? A gida kuma na tarar da Baba yana nasa ƙorafin. Masu kurda sun kwashe sifirin da diski, abin da ake ba shi kyauta a da yanzu sai ya yi ciniki. Ya ce, "Ƙarfen da zai yi wa manomi fartanya goma, ku kun kai shi birni kun mayar da shi rodi." Na ce, "Baba, ai rodin ma gida ake ginawa da shi." Ya ce, "Gidan wa?" Ban amsa ba. Gaskiyarsa ta fi haka ma, don ƙarfen sifirin mai kyau ne, an riga an kashe wuta an gyara shi, kuma ɗan gawayin da maƙeri zai ƙona ya mayar da shi gatari bai kai komai ba in an gwada da sake narka shi daga farko.

Jira kuwa, yawancinsa daga wutar lantarki yake zuwa. Tanderu mai cin tan 100 yana iya jan abin da ya kusa ƙarfin injin ɗaya daga cikin goma da ke madatsar Marawi, namu ƙarami ne amma duk da haka ya fi unguwanni da yawa ci. Kafin a buɗe Marawi a 2009 da megawat 1,250, madatsar Rusairis ce ginshiƙi, ita kuwa in ambaliya ta zo da laka da itace daga Habasha ƙarfinta raguwa yake yi. A ɗauke wuta ana tsakiyar narki, mu zauna muna kallon agogo. Ruwan bango ba a isa a tsayar da shi ba, yana ta zagayawa yana kwashe zafin da muka saya, saman ƙarfen yana yin ɓawo. In wutar ta dawo, a sake biyan abin da aka riga aka biya. Bayan Marawi mun sami 'yan shekaru na sauƙi. Sai Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 da kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, dala ta yi wuya, kayan gyara suka riƙa makara. A 2017 kuma farashin sandunan girafait ya yi tashin gwauron zabo a duniya baki ɗaya, ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni. A lokacin ne kowa ya girmama kumfar usta, don doguwar walƙiya a ƙarƙashin kumfa ba ta cin bakin sanda kamar gajeriya, kuma duk mintin da aka rage, an rage wa jikin sandar ƙonewa.

Amma ba duk jira ne laifin madatsa ba. Sau nawa ƙarfe ya nuna, tukunyar ɗiba ba ta shirya ba? Sau nawa aka juye shi cikin tukunyar da ba a gasa ta sosai ba, ta shanye zafin, dole a narki na gaba a ƙara digiri don a rama? Akwai murfin da aka yi wa tukunyar nan don a rufe ta in tana jira. Ɗora shi aikin minti biyu ne, amma sai an kira mai ƙugiya, don haka sau da yawa yana jingine a bango. Sannan bilet, dogayen sandunan nan masu kusurwa huɗu da ke fitowa daga injin zubi suna ja. A jera su a fili su huce har mutum ya zauna a kai, gobe a kai su wani tanderu a ƙona mai a mayar da su digiri 1,200 kafin a murza su su zama rodi. Tsakanin wuraren biyu tafiyar 'yan taku ce. Da na karanta labarin Najeriya na ga nasu tazarar ta fi tamu nesa ba kusa ba: an buɗe masana'antar Aladja kusa da Warri a 1982 da tanderun lantarki huɗu, aka gina masana'antun murza rodi a Katsina da Jos da Osogbo, aka tsara bilet ya riƙa hawa mota, na Katsina ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin a sake gasa shi. An yi haka ne don kowane yanki ya sami rabonsa na aiki, na fahimci dalilin. Sai dai zafin da aka zubar a hanya ba ya cikin lissafin masu rabon.

Duniya ta yi nisa a wannan fanni. A tsakiyar shekarun 1960 narki ɗaya awa uku yake ci, da lantarki sama da kilowat-awa 600 a tan. Yau tanderu mai kyau ba ya kai awa ɗaya, lantarkin kuma 400 ne ko ƙasa. Akwai waɗanda ke bi da kurda ta cikin hanyar hayaƙi, ta sha zafi kafin ta faɗa ciki, ba a ma buɗe murfi. Kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfen duniya ta tanderun lantarki yake fitowa yanzu, a Amurka wajen kashi 70. Manyanmu in sun dawo daga baje kolin ƙasashen waje, hotunan irin waɗannan injuna suke nuna mana. Ina son su, ba na musu. Amma na tsaya a gaban mita shekara da shekaru, na ga abin da kurda mai tsabta da kwando biyu da tukunya a rufe suke ragewa ba tare da an kashe dala ɗaya ba. Masana'antar da ke narka tan 100,000 a shekara, in ta rage kilowat-awa 50 a kowane tan, ta bar wa gari yunit miliyan 5. A ƙasar da ake rabon wuta unguwa-unguwa, asibiti na jiran layinsa, wannan ba ƙaramin hakki ba ne.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, aiki ya tsaya. Na kwaso iyalina muka bi ta Madani muka dawo Mafaza. Da Madanin ta faɗi a Disambar shekarar, garinmu da sauran garuruwan Gadarif suka cika da baƙi, makarantu suka zama gidajen kwana. Baba ya riga ya rasu, ƙanena ne a maƙera, na koma ina riƙe masa awartaki. Usta kuwa tun watannin farko na daina samun wayarsa.

Yanzu ana maganar sake gini. Rodi za a nema fiye da kowane lokaci, kurda kuma ta yi yawa ta hanyar da ba wanda ya roƙa: ƙonannun motoci, rufin gidaje, ƙarafan gine-ginen da suka rushe. Wannan kurda ta fi ta da datti. Akwai kankare manne da ita, akwai wayoyin tagulla, tagulla kuwa in ta narke cikin ƙarfe ba ta fita, sai ta sa rodi ya riƙa tsagewa wajen murzawa. Akwai kuma harsashin da bai tashi ba. Ga lantarkin ya ragu, tashoshin wuta sun sha hari, har ta Marawi a 2025. Duk tanderun da za a sake kunnawa, da wutar da aka hana wani gida zai yi aiki.

Ɗan ƙanwata yana cikin yaran da ke tara kurda da amalanke. Kwanan baya na same shi yana loda bututai, na ɗaga ɗaya na buga da ƙasa, na zaunar da shi na yi masa bayanin farar ƙasa da kashin ƙarfe da jiƙaƙƙen kwando. Ya saurara har na gama, don yaro ne mai ladabi. Sannan ya ce, "Kawu, na ji. To in na yini ina kankarewa, nauyi ya ragu, wa zai biya ni?" Washegari na je wajen mai sikeli, wanda tare muka yi makarantar allo. Na ce ya sa farashi biyu, na mai tsabta da na mai laka, ya ware sifirin da diski ya sayar wa maƙera, ya daina karɓar duk abin da yake a toshe. Ya yarda da maganar sifirin nan take, don maƙera sun fi dillali biya. Na toshe ma ya ce zai duba. Farashi biyu kuwa ya ce ba daga shi zai fara ba, shi ma dillalin Gadarif kuɗi ɗaya yake ba shi, dillalin kuma abin da masana'anta ta yanka masa yake bi. In masu tanderu sun fara biyan bambanci a ƙofarsu, in ji shi, kafin mako ya zagayo yaran Mafaza za su sayi guduma.